Ƙiriniya Ce Ko Gado? Yaran Da Benci Ba Ya Riƙe Su

A dogon hutun da ya wuce, mu 'yan jami'a da muka dawo gida Gwiwa mun haɗa kai mun buɗe wa ƙannenmu na sakandare darasin hutu. Ba wani babban abu ba ne: aji biyu na aro, allo da alli, lissafi da Turanci daga ƙarfe 10 zuwa azahar, saboda yawancin yaran sai sun leƙa gona da sassafe kafin su zo. A nan muka gane cewa tsayuwa a gaban allo ta fi zama a kan benci wuya.

Cikin yaran akwai ɗan kawunmu, mai shekara 13, yana aji 2 na ƙaramar sakandare. Ba za mu faɗi sunansa ba, don jaridar nan tana iya faɗawa hannun abokansa. Yaron nan ba ya minti biyar a zaune. In bai miƙe ba, to ya mai da benci kalangu da biro. Kafin ka gama tambaya ya jefo amsa, kuma sau da yawa amsar wata tambaya ce daban. A mako ɗaya ya ɓatar da biro uku. Da muka buɗe littafinsa, kowane shafi an fara aiki an bar shi a rabi, kamar gonar da aka yi wa huɗa aka manta da shuka.

A rana ta huɗu muka ɗauko bulala. Da kunya muke faɗin wannan. Ya sha duka, ya yi kuka, ya yi rantsuwa ba zai sake ba, kuma mun ga alamar da gaske yake. Bayan minti goma sai ga shi a bakin taga yana kallon wani ɗan akuya.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, da yamma mun same shi a zaure ya kwance wata tsohuwar rediyo, ya jera ƙusoshinta a kan tabarma. Ya fi awa biyu bai ɗaga kai ba, har rediyon ta yi magana. To wanda zai yi wannan, me zai hana shi sauraron lissafi na minti goma?

Da muka kai ƙararsa wurin kakarmu, dariya ta yi. Ta ce, "Ku ƙyale min maigidana. Jini ne. Ubansa ma haka ya yi, har malam ya gaji ya ce a zo a ɗauke shi." Kawu a aji 4 na firamare ya tsaya. Kuma a wannan hutun ya riga ya yanke shawara: idan sakamakon zango mai zuwa bai gyaru ba, zai cire yaron daga makaranta, a cewarsa kansa ba ya ja.

Maganar kaka ce ta bi mu har makaranta. Muka shiga ɗakin karatu muna neman ko "jini ne" tana da gurbi a kimiyya.

Abin yana da suna

Likitoci suna da suna ga wannan yanayi, wanda a taƙaice ake kira ADHD. A Hausa za mu iya cewa larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi. Fuska uku gare ta: kasa tsai da hankali a kan abu ɗaya, kasa zama wuri ɗaya, da aikata abu kafin a yi tunani. Wani yaron yana da duka ukun. Wani kuma ta farko kawai gare shi, kuma a nan ne ake yawan samun 'yan mata: yarinya tana zaune shiru, ba ta damun kowa, idonta a kan allo amma hankalinta ya yi nisa. Ita ba a dukanta don ƙiriniya, sai dai a yi mata laƙabi da sakarya. Shi ya sa a asibitoci aka fi gano larurar ga maza.

Kada wani ya ce ai wannan sabon salon Turawa ne na ba rashin ji suna mai daɗi. Tun 1798 wani likita ɗan Sukotlan, Alexander Crichton, ya yi rubutu a kan mutanen da ba sa iya tsai da hankalinsu. A 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi bayanin yara 43 masu irin wannan hali, waɗanda da yawansu basirarsu lafiya lau take. Sunan ADHD ɗin ne ya zo daga baya, a 1987.

Idan aka haɗa binciken ƙasashe daban-daban, kimanin yara 5 cikin 100 ne suke da ita. Wani bincike da aka yi a makarantun firamare na Ilesha a Jihar Osun, aka wallafa a 2007, ya samu kashi 8.7 cikin 100. Ku yi lissafi da ƙaramin adadin ma: a aji mai ɗalibai 60, ana maganar mutum 3. Kun san su. Wataƙila ɗaya yana kusa da ku a benci, wataƙila kuma shi ne yake riƙe da wannan jarida.

Sai dai a yi hattara. Kowane yaro yana ƙiriniya, kowa yana mantuwa. Likita ba zai ce ADHD ce ba sai alamomin sun fara kafin shekara 12, sun daɗe aƙalla wata 6, suna bayyana a wuri fiye da ɗaya (a ce gida da makarantar boko da islamiyya), kuma suna cutar da karatun yaron ko zamansa da mutane. Wanda yake rawar kai a ajin malami ɗaya kawai, a duba tsakaninsa da malamin.

Batun rediyon ɗan kawu ma yana da bayani. Sashen ƙwaƙwalwa da yake bayan goshi shi ne birkin mutum: shi yake cewa dakata, gama wannan tukuna. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2007, ta hanyar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar ɗaruruwan yara, ya nuna cewa ga masu ADHD girman wasu sassan yana jinkiri da kusan shekara 3. Akwai kuma wani sinadari mai suna dofamin, wanda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke aika wa juna saƙo da shi, shi yake sa mutum ya ji abu ya cancanci ya dage a kansa. Ga masu wannan larura, aikin da ladarsa take nesa, kamar jarrabawar ƙarshen zango, ba ya riƙe hankali. Amma abin da yake ba da sakamako nan take, rediyo ta yi magana ko ƙwallo ta shiga raga, yana iya riƙe su har su manta da abinci.

Abin da tagwaye suka nuna

Ta yaya za a san hali gado ne, ba tarbiyya ba? Ai ɗa yana gadon jinin ubansa, kuma a gidan ubansa yake tashi. Masana sun samo dabara, kuma Hassan da Hussaini ne suka ba su.

Tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda ƙwai ɗaya ne ya rabu biyu, masu kama kamar an tsaga kara. Ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne. Akwai kuma waɗanda ƙwai biyu ne daban, kamar Hassan da Hassana. Su rabin bambance-bambancen gado kawai suka haɗa, daidai da kowane wa da ƙane 'yan ɗaki ɗaya. Dukkan nau'in biyu ciki ɗaya suka kwanta, gida ɗaya suka tashi, tuwo ɗaya suka ci. Idan tarbiyya ce kaɗai take jawo hali, ya kamata nau'in biyu su yi daidai wajen kama da juna. Ba haka aka gani ba. Idan ɗaya daga cikin tagwayen ƙwai ɗaya yana da ADHD, yiwuwar ɗan'uwansa yana da ita ta fi ta tagwayen ƙwai biyu nesa ba kusa ba. An kuma duba 'ya'yan riƙo, aka ga a wannan fanni sun fi kama da iyayen da suka haife su a kan waɗanda suka riƙe su.

Da aka tattara binciken tagwaye 37 daga ƙasashe daban-daban, aka samu cewa gado yana da kaso kusan 74 cikin 100. Wannan adadi babba ne, ya kusa kamo na tsayin jiki.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, mu ma mun yi shi da farko. Kashi 74 ba ya nufin idan uba yana da larurar to ɗansa yana da kashi 74 na samunta. Ku ɗauki gonar gero. Wani kara ya yi tsayi, wani ya gajarta. Tambayar ita ce: wannan bambanci da muke gani a faɗin gonar, nawa ne daga iri, nawa ne daga ƙasa da taki da ruwa? Amsar masana a kan ADHD ita ce kusan kashi uku cikin huɗu na bambancin da yake tsakanin yara daga iri ne. Magana ce a kan gona gaba ɗaya, ba hukunci ba ne a kan kara ɗaya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ne, amma gida nawa kuka sani da uba mai zafin nama ya haifi ɗa mai sanyi kamar randa?

Ba irin sikila ba ce

Mu a nan idan aka ce ciwon gado, sikila ce take fara zuwa mana. Kowa ya san AA da AS da SS, kuma yanzu ana matsa wa masu shirin aure su yi gwaji. Sikila lissafinta a fili yake: ƙwayar gado ɗaya ce, harafi ɗaya ne ya sauya a cikinta. AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zama SS.

Da farko masana sun zaci za su samu irin wannan ƙwaya ɗaya ga ADHD. Sun shafe shekaru suna nema, ba su samu ba, domin babu ita.

Bari mu koma ajin bayoloji kaɗan. A cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai DNA, wani dogon rubutu da haruffa huɗu kacal: A, T, C da G. Haruffan sun kai biliyan 3 da aka naɗe cikin kuromosom 23 daga uwa, da wasu biliyan 3 cikin 23 daga uba. Idan aka jera rubutun mutum biyu, kusan harafi 1 cikin 1,000 ne zai bambanta. Wannan ɗan bambancin shi ya sa wani dogo wani gajere, wani yana shan nono lafiya wani cikinsa ya ɓaci.

A 2019 wata tawagar masana ƙarƙashin Ditte Demontis ta Jami'ar Aarhus a ƙasar Denmak ta kwatanta DNA na mutum 20,183 masu ADHD da na mutum 35,191 marasa ita. Suka gano wurare 12 da bambancin harafi yake da alaƙa da larurar. A 2023 suka faɗaɗa aikin zuwa masu larurar 38,691 da marasa ita 186,843, wuraren suka zama 27. Kuma lissafinsu ya nuna cewa ƙananan bambance-bambancen da suke da hannu sun kai kimanin 7,300.

Kowane ɗaya daga cikinsu tasirinsa bai taka kara ya karya ba. Kamar ƙwayar gero ce: ɗaya ba ta da nauyi, amma da ita tiya take cika. Kuma ga abin da ya fi ba mu mamaki: dukkanmu muna ɗauke da wasu daga cikinsu. Wani tiyarsa rabi, wani ta kusa cika, wani ta cika ta zuba. Saboda haka babu katanga tsakanin "su" da "mu". Shi ya sa kuma babu gwajin jini da zai ce yaro yana da ADHD, balle a kawo ta cikin maganar aure. Duk wanda ya ce muku yana da irin wannan gwaji, kuɗinku yake so.

Akwai gyara ɗaya a wannan bincike: kusan duk waɗanda aka ɗebi DNA ɗinsu 'yan asalin Turai ne, alhali Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin ƙwayoyin gado. Ku da kuke ajin kimiyya a Kazaure da Roni da Ɓaɓura, ga aiki nan yana jiran masu yi.

Makiyayan Kenya

Wani bincike ya tsaya mana a rai saboda ya yi kama da gida. A arewacin Kenya akwai wata al'umma ta makiyaya da ake kira Ariyal. Wasunsu har yanzu suna yawo da dabbobi, wasu sun zauna wuri ɗaya. Wani masani Ba'amurke, Dan Eisenberg, da abokan aikinsa sun duba wani nau'i na ƙwayar gado mai suna DRD4, wadda take da alaƙa da dofamin, kuma an daɗe ana danganta ta da son sabon abu da ADHD. A sakamakon da suka wallafa a 2008, mazan da suke da wannan nau'i a cikin masu yawo sun fi 'yan'uwansu ƙoshin jiki. A cikin waɗanda suka zauna kuwa, masu shi ne suka fi rama.

Binciken ƙarami ne, a kan manya aka yi shi, kuma manyan binciken baya-bayan nan ba su sa DRD4 a sahun gaba ba. Don haka ba hujja ba ce da za a kafa. Amma tambayar da ya tayar tana da kyau. Yaron da idonsa yake ko'ina, wanda motsin ganye ba ya wuce shi, a bayan garke shi ne zai fara ganin saniyar da ta nufi gonar mutane. A kan benci kuwa, shi ne ba ya ji. Mu da muka tashi tsakanin gona da ruga mun san irin waɗannan yaran.

Ragowar kason

Gado bai cinye lissafin duka ba. Haihuwa bakwaini da haihuwa da ƙarancin nauyi suna ƙara haɗarin. Haka gubar dalma, wadda a 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake fasa duwatsun zinare a cikin gidaje. Ko kaɗan ce ta shiga jinin yaro tana taɓa natsuwarsa. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa shi ma yana iya barin yaro da matsalar hankali da ɗabi'a bayan ya warke. Alewa da sukari kuwa, da iyaye suke yawan zargi, an gwada an ga ba su ne ba.

Akwai kuma abubuwan da suke kama da ADHD alhali ba ita ba ce. Yaron da ya zo aji bai karya ba. Wanda ba ya ganin allo sosai ko kunnensa yana ruwa. Wanda ya kwana yana danna waya. Mai ƙarancin jini, da mai wata irin farfaɗiya da take ɗauke hankali na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da faɗuwa ba. Wanda ake rigima a gidansu. Shi ya sa mu ba mu ce ɗan kawu yana da ADHD ba. Mu ba likitoci ba ne, ku ma haka, kada ku koma aji gobe kuna liƙa wa juna suna.

Abin da ya sa batun ya wuce wasa shi ne, masu larurar da ba a kula da su ba sun fi sauran yara barin makaranta, yin haɗari, da faɗawa shaye-shaye. Yaron da aka shekara goma ana ce masa daƙiƙi, wata rana zai yarda.

Akwai taimako. Akwai asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau, akwai kuma sashen da yake kula da wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, kamar yadda zuwa wurin likitan ido ba ya nufin makanta. Akwai magani da yake aiki, kuma an san haka tun 1937, lokacin da wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura da sauyin da wani magani ya kawo wa yaran da yake kula da su. Amma magani ne da doka ta tsare, likita kaɗai yake rubuta shi bayan bincike. Kada wani ya ba ku ƙwaya a kemis ko a ɗakin kwana da sunan "maganin karatu". Addu'a kuma ba ta hana neman magani.

Kafin a kai ga asibiti, akwai abin da ba ya cin ko sisi. A makonni biyun ƙarshe na darasinmu mun ajiye bulala mun gwada wasu. Mun dawo da shi bencin gaba, nesa da taga. Mun daina ba shi tambaya goma a lokaci ɗaya: biyu, ya kawo a duba, sannan wasu biyu. Mun naɗa shi mai goge allo da rabon littattafai, don ya samu halattacciyar hanyar miƙewa. Biro kuma muka ɗaure shi da zare a jikin littafi. Bai zama na ɗaya ba. Amma a gwajin ƙarshe ya gama tambayoyi bakwai cikin goma, kuma biyar daidai ne.

Da muka sake zuwa gida a tsakiyar zango, mun samu Kawu a ƙofar gida bayan la'asar, muka durƙusa muka gaishe shi, muka kwashe duk wannan bayani muka faɗa masa, har da tagwaye da tiyar gero. Ya yi shiru yana jujjuya makullin babur a yatsa, ƙafarsa tana kaɗawa.

Can ya ce, "Wato ni ma ba daƙiƙi ba ne?"

Muka ce, "Kawu, ai kai kake riƙe lissafin buhunan mutum goma a ka ranar kasuwa."

Ya yi dariya, sannan ya ce zai bar yaron ya gama aji 3. Batun Kazaure kuma, ya ce a bari a kai amfanin gona gida, sai mu raka su, don shi ba ya iya zaman layin asibiti.